Inda Sawu Ya Ƙare

Kakata Hajiya Ramatu ba ta yin tatsuniyar da ke ƙarewa da daɗi. In yaro ya nace sai an aura wa maraya 'yar sarki, sai ta ce ya tafi gidan maƙwabta, can suna da irin wannan da yawa. A gidanmu na Changli, nan Tamale, abin da ta ga dama shi za ka ji, kuma da shi za ka kwanta.

Bayan sallar isha'i muke zama, mu jikokinta biyar, a bayan ɗakinta inda murhun da take toya ƙosai yake. Ba ta barin garwashin ya mutu a banza. Takan tura gyaɗa ko guntun doya cikin toka, tana juyawa da tsinke tana magana. Ubanta bafatake ne, goro ya kawo shi ƙasar nan ta hanyar Salaga, saboda haka Hausarta ta tsofaffi ce, ba irin tamu ta zango da muke cakuɗawa da Dagbanci da Turanci ba. Ni take kira mijinta, mijin da bai taɓa kawo cefane ba. In ta gyara zama za ta buɗe tatsuniya sai ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu ce, "Ta shigo."

Ni ne gwanin maimaitawa. Washegari in ta tambayi wanda ya riƙe ta jiya, sai in zubo ta tun daga kai har ƙafa, har da tarin da ta yi a tsakiya. Takan ba ni gyaɗa mafi yawa, ta ce, "Wannan mijin nawa aku ne." A lokacin na ɗauka yabo ne.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta ɗan maharbi. Wani maharbi ne yake da ɗa guda, saurayi, yana tsoron kada daji ya cinye masa shi. Sai ya ce masa duk inda za su, ya riƙa sa ƙafarsa a cikin sawunsa. Saurayin ya ƙware a haka, har in sun wuce sai ka rantse mutum ɗaya ne ya bi hanyar. Wata rana uban ya riga shi fita. Saurayin ya bi sawun cikin natsuwa har ya iso wani falalen dutse, a nan sawu ya ƙare. Ya tsaya. Mai itace ta zo wucewa, ya bi sawunta, ya tsinci kansa a ƙofar gidanta, mijinta ya kore shi. Ya dawo bakin dutsen. Makiyayi ya wuce, ya bi nasa, ya ƙare a rugar mutane. Ya sake dawowa. Daga nan ya ce zai jira wanda za shi inda shi ma za shi. Yana nan tsaye gara ta fara gini a ƙafarsa, bai motsa ba don kada ya ɓata sawun ubansa na ƙarshe. Ginin ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya rufe shi. Kaka ta ce surin nan dogo da ake gani a hanyar Savelugu, shi ne.

Ta tone gyaɗarta ta ce, "Baƙuwa ta tafi, ku tashi."

Na ce, "Kaka, wa ya zo ya fitar da shi?"

"Babu kowa."

"To wa ya ɗaure shi?"

Ta hura tokar da ke jikin gyaɗar, ta dube ni. "Mai gida, ka ji na ambaci igiya?"

Na ji haushinta a daren nan. Washegari kuwa na maimaita tatsuniyar ba tare da na tsallake kalma ba, na karɓi gyaɗata.

Yanzu shekarata talatin da ɗaya, Kaka ta daɗe da rasuwa. Ina aiki a shagon Kawu Sani a Gurugu, wata kwantena mai shuɗin fenti inda muke fotokwafi da buga wa mutane takardu. Da azahar ƙarfen yakan yi zafin da ba ka iya jingina. Shekara tara ina buga takardun neman aiki na wasu, su karɓa su tafi Kumasi da Ankara babban birninmu, ni ina kan kujerar nan. Sana'ar ta koya wa yatsuna wani abu: ina iya buga shafi uku cif ba kuskure, kuma in ka tambaye ni abin da ke ciki ban sani ba. Daga ido yake wucewa zuwa yatsa, ba ya biyawa ta kai.

Wata malamar makaranta 'yar kudu, mai kawo mana takardun jarrabawa, ita ta fara gaya mini cewa mutane suna koya wa kansu gina shafukan intanet, ba makaranta ba malami, da bidiyo kawai. Na ji kamar an buɗe mini taga a kwantenar. Na sayi data, na samo bidiyon wani Bature mai sanyin murya, na fara da HTML, wato rubutun da ake kafa ƙashin shafi da shi, sannan CSS da ake yi masa kwalliya. In babu kwastoma sai in kunna, in tsayar, in buga abin da ya buga, in sake kunnawa. Nawa yakan fito daidai da nasa, har launi. Wata goma sha ɗaya ina haka. Na tara shafuka cike da folda: na shagon kofi a garin da ban san inda yake ba, na gidan motsa jiki, na mai sayar da furanni. Ban taɓa shan kofin ba, amma na gina masa shago sau huɗu. Har na fara gaya wa abokai a majalisa cewa kwanana a kwantena ya kusa ƙarewa.

Maganar ta kai kunnen Mma Azara, wata Badagomba mai sayar da rigunan batakari na saƙi a babbar kasuwa. Ta sauka daga yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, da riguna uku a leda, ta shimfiɗa su kan injin fotokwafi.

"Mutari, an ce kai ka iya wannan abu na intanet. Ka yi mani. Mutanen Ankara su ga rigana, su kira ni. In ya yi kyau, mata na layinmu duka zai zo wurinka."

Na ce mata mako ɗaya ya isa. Wannan ne aikin farko da wani ya taɓa ba ni wanda ba kwafi ba, kuma na san in ya yiwu, ƙofar fita ce.

Da ta tafi na buɗe sabon fayil. Fari fat, sai ɗan layin nan da ke ƙiftawa yana jira. Na ɗora yatsuna a kan kibod, suka ƙi motsi, don babu takardar da za su kalla. Ban san abin da ake fara rubutawa ba. Na buga shi ya fi sau arba'in, ban taɓa karanta shi ba. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske.

Sai na yi abin da na iya. Na nemo bidiyon mai gina shagon tufafi, na bi shi kwana biyar, na ƙare da kyakkyawan shafin takalman ƙwallo. Da na cire hoton takalmi na sa batakari, komai ya wargaje. Na nemo wani bidiyon, na ƙare da shagon jakunkuna. Mma Azara ta aiko, na ce wuta ce ake ɗaukewa. Ta sake aikowa, na ce kwamfutar ce. Mako ɗaya ya zama uku.

Ranar wata Alhamis ta zo da kanta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Ka bari, ɗana, kar ka wahala. Yaron ƙanina a Kumasi ya yi shi, kwana biyu." Ta kwashe rigunanta, sannan ta ciro katin shaidarta daga bakin zane. "Yi mani fotokwafi biyu."

Na yi mata. Sun fito tas.

Bayan ta tafi na zauna ina kallon ƙafafuna a ƙarƙashin tebur, cikin silifas ɗin da suka yi wa siminti shaida saboda daɗewa a wuri ɗaya. A nan tatsuniyar ta dawo mini, da muryar Kaka da tarinta. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da ita kalma da kalma, amma sai ranar na lura da abin da ke cikinta. Uban bai ɓace ba. Ta kan falalen ya wuce, dutse ne kawai ba ya riƙe sawu. Shi ma uban da ya zo wurin babu abin da ya bi.

Na rufe bidiyon. Na rubuta layi ɗaya da kaina, sunan Mma Azara, na yi kuskure, bai fito ba. Na zauna na karanta abin da na rubuta, karo na farko, har na ga inda na manta rufe alama. Sunan ya fito, baƙi, ƙarami, a can kusurwa. Na sa hoton batakarin da ya rage a wayata, ya fito a kwance. Kwana huɗu na yi kafin in miƙar da shi.

Har yau ina kwantenar. Matan layin su Mma Azara duk yaron Kumasi suka bi, kuma ban ga laifinsu ba. Shafin nan babu mai buƙatarsa, mummuna ne, in an buɗe shi a waya rubutun yakan zube gefe, ban kuma gano dalili ba tukuna. Kullum da safe kafin Kawu Sani ya iso nakan buɗe shi in ƙara layi ɗaya ko biyu, wani lokaci in ɓata abin da na gyara jiya. Ban sani ba ko ta nan ake fita. Da Kaka na da rai da na gaya mata akunta ya yi shekara talatin kafin ya faɗi maganar kansa, ita ma a karkace. Na san abin da za ta yi. Za ta hura tokar gyaɗarta, ta tambaye ni ko ƙafafun suna motsi.

Suna motsi, Kaka. Na duba yau da safe.