Zabiyoyin Macijin Masara

Har gobe ba na manta safiyar da ƙwan macijin masara ya ƙyanƙyashe a hannunmu. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina aiki a gidan dabbobin wani attajiri a bayan garin Jidda. Mutumin yana son tara abin da babu a gari, daga barewa da ɗawisu har macizai. Ba ma cika ganinsa ba. Wanda muke gani kullum shi ne wakilinsa, Ustaz Hamid, mai riƙe da takardun ma'aikata, mutum mai saurin yanke hukunci. Mu biyu ne a ɗakin macizai, ni da Ammu Idrisu, Bahaushen Sudan, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, macijin masara daga Amurka ake kawo shi, kuma ba shi da dafi. Jikinsa ruwan lemo ne, da jajayen tabo a gadon baya, kowane tabo baƙin zare ya kewaye shi. Cikinsa baƙi da fari ne, idonsa mai duhu. Namu mace da namiji haka suke, ba abin da ya raba su da sauran danginsu.

Ƙa'idar aikin ita ce, idan mace ta yi ƙwai, a kwashe su ba tare da an juya su ba, a jera a akwati mai dusar katako da ɗan danshi, a jira wajen wata biyu. Kafin nan sai an wanke akwatin da maganin nan da ake farar da tufafi da shi, a ɗauraye, a shanya. Ammu Idrisu ne ya yi wannan wankin.

Da muka buɗe akwatin a safiyar nan, yawancin 'ya'yan sun biyo iyayensu. Amma 'yan kaɗan a ciki sun fito fayau, ba ɗigon baƙi ko ɗaya a jikinsu, idanunsu jajir. Ban taɓa ganin irinsu ba, kuma gaskiya ni ma tunanina kan maganin wankin nan ya tafi.

Ustaz Hamid ya shigo, ya leƙa, ya ɗaga murfin akwatin ya shinshina.

"Wa ya wanke wannan?"

"Ni ne, ya ustaz," in ji Ammu Idrisu. "Wallahi na ɗauraye shi sosai."

"Ka ɗauraye? Ga shi ka wanke musu launi tun suna cikin ƙwai! Shi ke nan. Kafin maigida ya dawo daga tafiya zan soke iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ka hau jirgin ruwa ka koma inda ka fito." Sai ya juyo kaina. "Kai kuma, Usman, kwashe waɗannan nakasassun ka kashe, kada maigida ya gan su. Yalla, maza."

Ammu Idrisu ya zauna a kan bokiti. Na san abin da ke ransa. Yana da 'ya, Hawwa, zabiya, wadda rana ke ƙona mata fata. A unguwarsu ta Hindawiyya, cikin Jidda, tana da inuwar gida da asibiti kusa. Idan aka kore su, gonar ƙauye za su koma, ba inuwa ba magani. Ba ya son a yi zancen yarinyar. Idan an tambaye shi ita, sai ya kau da kai ya ce, "Gadon dangin uwarta ne."

Raina ya ɓaci matuƙa. Idan na kashe macizan nan, shi ke nan, maganar wakili ta zauna, ba wanda zai sake dubawa. Sai na zuba su a gwangwani, na huda murfin, na ɓoye a bayan buhun dusa. Na hau kekena na nufi tashar jiragen ruwa, inda Daktor Sami, wani likitan dabbobi Bamisire, yake duba dabbobin da ake saukewa. Shi ya duba macizan namu ranar da suka iso. Ina tafe ina tunanin tawa iƙamar, domin ita ma a aljihun tebur ɗin Ustaz Hamid take.

Na sami likitan cikin tumaki. Da farko ya ce ba shi da lokaci. Da na ce masa idanunsu ja ne, sai ya dakata, ya wanke hannu, ya ce in sa kekena a bayan motarsa.

Mun tarar da Ustaz Hamid a bakin ɗakin macizai. Da ya ga gwangwanin a hannuna, ya yi mini wani kallo. "Ashe ba ka kashe su ba? To ku biyu za ku tafi."

"Dakata, ya ustaz," in ji likita. Ya ɗauki ɗaya, ya duba ido, ya duba gefen tabon, ya juya cikin. Ya nemi a fito da iyayen, su ma ya duba. Mu dai muna tsaye, ba mai motsi.

"Ba magani ba ne," in ji shi. "Da magani ne, ai duk akwatin zai shafa, ba zai zaɓi wasu ya bar wasu ba. Kuma magani ba ya mayar da ido ja. Waɗannan lafiyarsu lau. Baƙin launi ne kawai jikinsu ba ya yi, kuma gado ne."

"Gado daga ina?" in ji Ustaz Hamid. "Ga uwar, ga uban, duka da baƙinsu!"

"Kowannensu yana ɗauke da abin a ɓoye. Ɗa yana karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba. Idan daga ɓangare ɗaya ya samu, ba zai nuna ba, sai dai ya ɗauka ya wuce da shi. Sai ya samu daga duka biyun yake fitowa haka, shi ya sa ake samun kamar ɗaya cikin huɗu. Ka sake haɗa su baɗi, ka wanke akwatin da hannunka, za ka sake ganinsu. Masu kiwo a ƙasarsu nemansu suke yi ido rufe."

Ustaz Hamid ya kalli gwangwanin, ya gyara zaman hularsa. "Tayyib," ya ce. "Idrisu, koma bakin aikinka." Bai ba shi haƙuri ba, kuma wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Na zaci Ammu Idrisu zai yi murna, amma ko murmushi bai yi ba. Ya bi likita har bakin mota.

"Ya daktor, ɗan Adam ma haka ne?"

"Haka ne."

"Daga uwa da uba duka?"

"Duka. Idan ɗaya ne kaɗai, ba ya fita."

Ya daɗe a tsaye bayan motar ta tafi. Sannan ya ce mini, "Ya waladi, ɗana, riƙe mini aikin yau, zan je gida."

Da aka shekara, akwatin da Ustaz Hamid ya tsaya a kan wankinsa da kansa ya sake ba da jajayen idanu. Tun daga nan, duk wanda na koya wa wannan aiki ina gaya masa kada ya yi wa dabba hukunci da abin da ya gani a fatar iyayenta, kuma kada ya yi gaggawar nemo wanda zai ɗora wa laifi, domin a irin wurarenmu laifi kan mai ƙaramin ƙarfi yake sauka.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne washegarin zuwan likita. Ammu Idrisu ya zo aiki riƙe da hannun Hawwa, ya rufa mata lema. Ban taɓa ganinsa da ita a waje ba sai ranar. Ya ɗora mata ɗaya daga cikin zabiyoyin macizan a tafin hannu, tana dariya tana noƙewa. Mai gadi ya leƙo ya ce, "Wannan ce mai gadon dangin uwarta?"

"A'a," in ji Ammu Idrisu. "Tamu ce, ni da uwarta."