Tsohon da Ya Tayar da Tirelar Yayana

Kullum da safe, kafin maƙwabtansa masu sayar da caja da murfin waya su gama ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Fanka ya riga ya goge teburinsa. Shagon ƙarami ne, a ƙarƙashin matattakalar wani bene. In mutum uku suka shiga, na huɗu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙo wuya. Zai shimfiɗa farin tawul, ya jera sukudirebobinsa daga babba har zuwa wanda ba ya ganuwa sai da tabarau, ya ajiye buroshi mai laushi da wani tsohon faranti da yake zuba ƙananan kusoshi. Sannan ya zauna yana jiran masu ƙorafi.

Gyaran laftof yake yi. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma talabijin, zamani ya juya shi ma ya juya. Yawancin masu zuwa wurinsa yanzu 'yan buga gem ne, kuma kukansu ɗaya: ana cikin wasa lafiya lau, sai hoton ya fara cijewa, mota ta tsaya cak, ta yi tsalle, ta sake tsayawa, kafin ka ankara an cinye ka. Abin dariyar shi ne shi kansa bai iya gem ko ɗaya ba. Na taɓa ganin an ba shi ya gwada, bai yi taku uku ba ya faɗa rami.

Amma ba ya taɓa kwance kwamfuta sai mai ita ya buga a gabansa. "Buga mini in gani," shi ne abin da zai ce. Zai kunna wata 'yar lamba a kusurwar allo mai nuna yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa, ya kara kunnensa kusa da fankar, ya shiga tambaya kamar likita. Tun daga farko take cijewa, ko sai ta ɗan jima? A jone da wuta, ko a kan batir? Cajarta ce ta asali, ko ta aro? In tun daga farko ne, ya san an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, sai ya rage inuwa da ƙyale-ƙyalen wasan, ya rufe tarkacen manhajojin da ke aiki a ɓoye. In sai ta jima ne, to zafi ne, kuma daga fanka zai fara. Nan sunan ya samo asali.

Mai sayar da cajan da ke kusa da shi ya ba ni labarin wata uwa da ta kawo laftof ɗin ɗanta, ta sunkuyo ta ce a hankali, "Baba, don Allah ka ce masa ba ta gyaruwa. Gem ya hana shi karatu." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, zafin da ke hana shi wasa shi ne zai ƙone ta da karatun nasa a ciki. Ni zan gyara kwamfuta, ke ki gyara yaro." Haka kuma an sha ganin saurayi ya shigo a fusace yana cewa sayar da tasa zai yi ya sayi sabuwa, tsohon ya taɓa wuri ɗaya ya cire ta daga tsarin tattalin batir, lambar ta haura sama, yaron ya fita yana washe baki.

Ni dai ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Yayana ne.

Yaya direban tirela ne, ko in ce ya kasance. Ya yi shekaru a kan hanya, mutum ne mai surutu da tsokana, in ya dawo daga tafiya gidan duk sai ya cika da muryarsa. Hatsari ya same shi, Allah ya bar mana shi da ransa, amma ƙafafun suka daina aiki. Aka sayo masa keken guragu, ya kalle shi sau ɗaya ya ce a fitar masa da shi daga ɗaki. Tun daga nan bai ƙara leƙa ko tsakar gida ba. Ya daina karɓar baƙi, ya juya fuska bango, maganarsa ta koma "to" da "a'a". Ina tsoron faɗa, amma muna gani yana tafiya a gabanmu alhali yana numfashi.

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya kawo masa laftof da ɗan sitiyarin roba, da gem ɗin tuƙa tirela a ciki. Da farko ko kallo bai ishe shi ba. Wata rana matarsa, wadda muke kira Anti, ta jiyo shi daga kicin yana zagin wata ƙaramar mota da ta sha gabansa. Ta ce hawaye ne suka zubo mata don murna. Ya fara cin abinci sosai, ya fara kiran yara su zo su ga yadda ake juya doguwar mota da baya.

Sai ga matsala. Da zarar ya ɗauki kaya ya yi nisa, hoton sai ya fara cijewa, tirelar ta dinga fizga, ya murza sitiyari ba ta amsa ba, sai dai ya gan ta a cikin kwari. Ya jure na wasu kwanaki. Ranar da ta kife masa a kan gada, ya rufe murfin a hankali, ya tura ta gefe ya ce, "Ku ɗauke. Har ta ƙaryar ma ta ƙi ni." Ya sake juya fuska bango.

Da sassafe na rungumi laftof ɗin sai shagon Baba Mai Fanka. Ya ce in buga ya gani, na ce ban iya ba. Ya kira wani kwastoma ya tuƙa. Aka yi ta tafiya a kan teburinsa, lambar ta ɗan sauka kaɗan amma ba ta faɗi ba. Da wani mai gyaran ne, da tuni ya ce lafiyarta ƙalau, ko ya ƙirƙiro mata ciwo ya canza abin da bai lalace ba. Shi kuwa ya cire tabarau ya ce, "'Yata, a nan ta ƙi nuna halinta. A ina mai ita yake bugawa?" Na ba shi labarin duka. Sai ya naɗe kayan aikinsa a cikin tawul, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa shago.

Yaya bai so ganinsa ba. Ya amsa sallama da ƙyar, bai ko juyo ba. Tsohon bai yi masa jaje ba, bai tambayi jiki ba. Ya ja kujera ya ce, "Direba, an ce motarka na ba ka wahala. Ni ban san tuƙi ba. Tayar da ita in ji."

Ban san me ya taɓa shi ba, ko kalmar direban ce da ya daɗe bai ji ba. Ya yunƙura, Anti ta tokare masa baya da filo, ya ɗora laftof ɗin a kan bargon da ke rufe da ƙafafunsa kamar yadda ya saba. Cajar tana can rataye a soket ɗin bakin ƙofa, wayarta ba ta kaiwa gado. Na ga idon tsohon ya sauka a kan bargon, ya koma kan cajar. Ya bari aka yi tafiya har fankar ta fara kuka, lambar ta rikito daga sittin zuwa ƙasa da ashirin, tirela ta fara fizga.

"Ka gani ko?" in ji Yaya cikin ɗaci.

"Na gani. In tambaye ka mana. In kana hawa tudu da kaya, ka ji mota ta rage ƙarfi, allurar zafi na hawa, ina kake fara dubawa?"

"Lagireto mana. Ko fanka, ko wani abu ya toshe mata iska."

"To ita wannan ta ina take shan iska?"

Yaya ya ɗaga laftof ɗin ya leƙa ƙasanta, ya ga 'yan ramukan, ya dubi bargon. Ya kai hannu ya taɓa wurin, ya janye da sauri. Shi ƙafafunsa ba sa jin zafi, shi ya sa bai taɓa sanin tana ƙuna a kansa ba. Ya ce, "Kai! Ashe ni na shaƙe ta." Sai kuma ya yi dariya, irin tasa ta da.

Baba Mai Fanka, a nan ne na san ko kai wane ne. Tun shigowarka ka gano ciwon, da ka so da ka faɗa a numfashi ɗaya ka koma shagonka. Amma ka bar shi ya gano da kansa. Kai ne ka miƙa masa sukudireba ka ce hannunka na rawa, ya taimake ka. Shi ya kwance kusoshin, shi ya zaro wani dunƙulen gashin bargo daga bakin fankar, ya ɗaga shi sama yana nuna wa Anti kamar ya kama ɓarawo. Ka nuna masa yadda ake goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar injin a shafa sabo, kana cewa kada ya cika, ba girisin tirela ba ne. Ka sa aka kawo doguwar waya har gefen gado, ka ce masa a kan batir rabin ƙarfinta take bayarwa. Ka sa aka nemo katako aka ɗora ta, ka ɗage bayanta don iska ta ratsa. Ranar Yaya ya kai kayansa har inda aka aike shi, lambar ba ta motsa ba.

Kuma ba ka tsaya nan ba. Kakan biyo lokaci-lokaci, wai ka zo jin lafiyar fanka, ku zauna yana tuƙi kana kushe masa hannu, kai da ba ka iya taku uku ba.

Yanzu rawar hannun ta zama gaske, idon tsohon ma ya gaji. 'Ya'yansa sun matsa masa ya huta, ya kuma yarda. Da na kai wa Yaya labarin cewa makon nan zai rufe shago, sai ya ce, "Ina keken nan?" Anti ta dube ni, na dube ta. Aka ciro shi daga bayan ɗakin ajiya, aka kakkaɓe, aka sa wa tayoyin iska. Da muka fito ƙofar gida hasken rana ya sa ya runtse ido. Na kama hannun keken zan tura, ya buge mini hannu ya ce, "Saki, ke kin san hanya ne?" Shi ya tuƙa kansa, yana kauce wa ramuka yana yi wa masu babur faɗa, har bakin matattakalar benen.

Tsohon yana naɗe tawul ɗinsa ya ɗago ya gan shi. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Sai ya ce, "Direba, a nan za ka yi mini fakin? Ka tare mini ƙofa." Muryarsa ce kawai ta tona shi.

Baba, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutun nan ya karɓe ka, ya ba ka masu kula da kai yadda ka kula da na wasu. Ku kuma masu sana'a, musamman matasan da za su gaji layin nan, kwance fanka kowa zai iya koya. Ku koyi tambayar da yake yi kafin ya ɗauki sukudireba: wa ke amfani da abin nan, a ina, a wane hali? Wani lokacin sai kun taka kun je kun gani. Ni laftof na kai masa gyara, yayana ya dawo mini da shi.