Ƙanƙara a Gonar Yayana

Ina shagon ɗinkina a Dutse, bayan la'asar, sai ga wayar Hajara, matar yayana. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Baban Amina, ƙanƙara ce ke zuba a bayan duwatsu. Shukar yayanka ta tafi."

Na leƙa waje, rana na nan tana dukan ƙasa, zafin bazara kamar kullum. Wallahi abin da zan faɗa muku da ni ya faru 'yan shekarun baya, ban ƙara komai ba.

A lokacin ko arba'in ɗin yayana ba a yi ba. Kafin ya kwanta ciwo ya yi binne a gonarsa, wato ya zuba irin gero a busasshiyar ƙasa yana jiran damina. To kun san halin binne, in ruwa ya taɓa shi lokaci bai yi ba sai ya tsiro, rana ta dawo ta ƙone shi, kuma irin nan shi ne na ƙarshe a gidan, ga marayu.

Na hau babur. Ina zagaya dutsen sai wani sanyi ya buge ni har cikin ƙashi. Duwatsun nan baƙaƙe sun koma fari fat, ganyen dabino duk a kakkarye, ƙanƙara tana ƙara ƙarƙashin takalmina. Ikon Allah! Na daɗe ina kallo, har na kusa manta abin da ya kawo ni.

A bakin gonar na tarar da wani dattijo zaune kan falalen dutse, rigarsa a bushe. Na yi sallama, ya amsa.

"Baba, an yi ɓarna ko?"

"Ka gaya wa uwar marayu kada ta tone, kada ta sake shuka," in ji shi. "Irin bai jiƙe ba."

Na shiga gonar, na sa yatsa na tona rami guda. Sama laka ce sharkaf, amma ƙasan ƙura ce, ga ƙwayoyin geron nan a bushe. Na tona wani, haka. Na juyo in tambaye shi yadda ya sani, babu kowa a wurin. Ƙanƙarar da ta kewaye dutsen kuma ba sawun kowa a kanta sai nawa.

Da na kai saƙon, Hajara ta ce, "Wa ya faɗa?" Na ce wani manomi ne. Ta haƙura ta bar gonar. Da damina ta sauka sosai gero ya tsiro, shi suka ci a shekarar.

Limamin unguwarmu da na ba shi labari cewa ya yi in gode wa Allah in bar bincike. Na bari, amma zuciya ba ta bari ba. Shawarata gare ku, in baƙo ya gaya muku alheri a daji, ku tsaya ku gama magana da shi kafin ku juya baya. Ni dai ko godiya ban yi masa ba.