Telan da Ya Aika da Idonsa Can Nesa

Shagon Tela yana jikin katangar gidanmu, ƙarar kekensa ce ta yaye ni. Shekara talatin yana ɗinki, kuma bai taɓa ɗora wa mace tef ba. Ya kalle ki sau ɗaya, ya ja alli a kan yadi, shi ke nan. Riga ta zauna miki kamar da ita aka haife ki.

Sai surukinsa ya saka masa wata manhaja a waya. Ka ɗauki hoton mutum, ta ba ka awo da yadda za ka yanka. Wayar kuwa tsohuwa ce, an ɗaure bayanta da roba.

Na ce, "Baba Tela, wannan gwangwanin ne ke lissafi?"

"Kai dai jahili ne. Ita 'yar aike ce kawai. Hoton take tura wa wasu manyan kwamfutoci can nesa, su yi aikin su dawo da shi."

"To kai fa, me ya rage maka?"

"Hutu."

Ya huta kuwa. Shekara shida bai kalli kafaɗar kowa ba sai ta gilashin waya. In sabis ya ɗauke, ya fito bakin titi yana ɗaga waya sama kamar mai tare mota, ni kuma in leƙo in tambaye shi ko ƙwaƙwalwar ta maƙale a hanya.

Ranar wata Laraba manhajar ta ƙi buɗewa. Surukin ya duba ya ce masu ita sun rufe, sun kashe kwamfutocin. A ranar ce ungozomar unguwarmu ta kawo yadin da mahaifiyarta ta bari, ƙwaya ɗaya tak, tana so ta sa a bikin ɗanta.

"Baba, kalle ni kawai, kamar da."

Ya kalle ta. Ya sake kallo. Idon bai ba shi awo ba, amma girman kai ya hana shi neman tef. Ya yanka.

Da ta zo gwadawa, rigar ta ƙi wuce kafaɗa. Ungozoma ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe abinta ta ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba," ta fita.

Maganar ta zaga unguwa kafin azahar. Yanzu faci yake yi da canza zif. Jiya na kai masa wandona da ya yage daga ƙasa, na shirya tsokana tun daga gida. Da ya ɗago ya tambaye ni inci nawa zai rage a tsawon, shi da bai taɓa tambayar awo ba, sai na haɗiye tsokanar.