Gadon da Muka Fasa

Da can a ƙauyenmu, tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, ba a tsoron ɗari. Shiri ake yi masa kamar baƙon da aka san ranar zuwansa. Yanzu gidajen sun fi na da kyau, kwano yana ƙyalli tun daga bakin titi, amma tsofaffi suna kwana a ƙudundune cikin riguna uku suna jiran fitowar rana. Ina cikin waɗanda suka jawo haka, shi ya sa ba na iya tuna kakata ba tare da raina ya ɓaci ba.

Iya Tabawa ce ta haifi mahaifinmu. Ɗakinta zagayayye ne na ƙasa, da jinka a kai. A gefe guda akwai gadonta, shi ma na ƙasa, an gina shi manne da bango, tsayinsa bai wuce gwiwar babban mutum ba. Cikinsa rami ne mai baki ɗaya. Da la'asar sakaliya sai ta hura itacen ƙirya a tsakar gida, ba a ɗaki ba. Sai ya gama hayaƙinsa ya zama jan garwashi sannan ta kwasa da kasko ta zuba a ramin, ta barbaɗa toka a kai, ta jingina ɓarin tukunya a bakin. Kafin a idar da sallar isha'i ƙasar ta sha zafi. Ba zafi mai ƙuna ba, ɗumi ne irin na jikin akuyar da ta wuni a rana, kuma yakan kai har asuba.

Ni da yayata Hajara muke kwana a wurinta. Ba mai hawa gadon sai ta duba ƙafarsa. Ta wanke mana da ruwan ɗumi, ta murza man shanu a duga-duganmu inda faso ke shirin tsagawa, ta miƙa wa kowa ludayin kunun kanwa da ya ji citta. Dankali biyu kuma na kwance cikin tokar ramin tun magariba. Har yau in na ji ƙanshin gasasshen dankali ya haɗu da na man shanu, sai in ji gwadonta a wuyana.

"Kai mijin nan nawa," in ji ta, "ba cefane, ba zanen salla, sai cin wuri a gado. Matsa can, ƙafarka kamar ƙarfen garma."

"Iya, ai ke ce kike tura ni bango."

"Bangon ya fi ka amfani, shi ko ɗumi yana ba ni."

Ba ta buɗe tatsuniya irin yadda sauran tsofaffi ke yi. Takan buga gadon da tafin hannu ta ce, "Gado ya ɗau zafi, baki ya buɗe." Mu kuma mu ce mun kasa kunne. Ta ba mu labarai da yawa, amma guda ɗaya ne take maimaitawa duk shekara in sanyi ya tsananta.

Wani tsohon kunkuru ne, in ji ta, yake da 'ya'ya uku. Suka tafi birni neman arziki, suka samu, suka dawo. Da suka dubi ƙoƙon bayan ubansu sai kunya ta kama su, ga shi kalar ƙasa, duk ya tsattsage. Suka je wurin maƙeri ya ƙera masa sabo na tagulla. Suka bari sai da tsohon ya tuɓe zai yi wanka, suka ɗauke tsohon ƙoƙon suka jefa a rijiya, suka ajiye masa sabon. Namun daji suka taru suna kallo, kowa na cewa kunkuru ya haifi 'ya'yan kirki. Rana ta take, tagulla ta gasa shi. Rana ta faɗi, tagulla ta koma ƙanƙara a bayansa. Kullum da safe sai 'ya'yan su zo gaisuwa su ce, "Baba, rigar ta yi kyau?"

A nan Iya takan ja gwado ta rufe kai, ta bar hanci kawai, ta kama rawar ɗari. Haƙoranta huɗu suka rage, amma sai ta san yadda ta yi suka yi ƙara.

"Ta-ta-ta yi kyau, 'ya'yana. Allah ya yi muku a-a-albarka."

Mukan yi dariya har Hajara ta ƙware da kunu. Haka aka yi ta yi, in ji Iya, har wata safiya 'ya'yan suka zo suka tarar da rigar tagulla a ƙofar gida tana ƙyalli, ba kowa a ciki. Tsohon ya haƙa rami ya shige ƙasa. Shi ya sa har gobe in ɗari ya zo kunkuru ƙasa yake nema.

Na taɓa ce mata, "Iya, ai wawa ne. Me ya hana shi ya ce sanyi yake ji?"

Ta ɓare dankali ta tura mini rabi a baki. "Ci, mai hankali. Labari ya ƙare, garwashi ya yi toka, kowa ya ja zanensa."

Na girma na yi nisa da gida. Karatun gyaran injinan noma ya kai ni Rasha, aiki ya kai ni Agadas, ya kai ni Libiya da Sudan. Na kwana a wuraren da sanyinsu ya ninka namu. A wani ƙauye na Rasha, inda ruwa ke daskarewa a bokiti, abokin karatuna ya kai ni gidan kakarsa. Rabin ɗakin wani ƙaton murhu ne na tubali, a samansa an shimfiɗa fatun tumaki, jikoki na kwance a kai. Shi ne abu na farko da suka nuna mini, da alfahari, kafin su nuna mini rediyo. Da Rashancina na koyo na ce wa tsohuwar ai mu ma muna da irinsa, na zana mata gadon Iya a takarda. Ta ce kakata mace ce mai basira. Na ji daɗi har cikin raina. A Agadas kuwa na ga masu hali suna zaune cikin gidajen ƙasa masu kaurin bango, ba wanda ya ɗauke shi talauci. Duk na gani. Ba zan ce ban sani ba.

Bayan rasuwar Iya ɗakin ya koma hannun mahaifiyarmu, daga baya ya koma hannun Yaya Hajara, da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta. Duk shekara ana yi wa gadon yaɓe, ana sabunta jinka. Gwiwoyinta sun fara ciwo, amma in ta kwana a kansa takan tashi ta share tsakar gida da kanta.

Da na ajiye aiki na zauna a Gumel, aka yi bikin jikar Yaya a ƙauye, baƙi suka zo daga Kano. Wata a cikinsu ta leƙa ɗakin ta fito tana cewa, "Yayar injiniya guda a kan gadon ƙasa? Na ɗauka an daina." Ba da ni take ba, wucewa nake na ji. Wannan 'yar maganar, daga bakin matar da ko sunanta ban sani ba, ita ta rinjayi duk abin da na gani a duniya. Na kira Sabi'u, babban ɗan Yaya, ma'aikaci ne a Gumel. Ashe shi ma abin ya daɗe yana cinsa.

"Kawu, wallahi ko abokaina ba na iya kawowa. Sai ka ce ba ta haihu ba."

Muka shirya. Muka tura ta Maigatari wurin dangi da sunan ta huta. Ba mu tambaye ta ba, wai muna so ta yi mamaki. Ina tsaye aka sa diga a gadon. Ya yi taurin da sai da aka canja mai sara sau biyu, cikinsa baƙi ƙirin, yana ƙanshin ƙirya. Aka rushe ɗakin, aka ta da na bulo a wurin, aka rufa kwano, aka yi silin, aka shimfiɗa tayil fari, aka sa tagogin gilashi masu rufuwa ruf, da gadon ƙarfe da katifa.

Ranar da ta dawo maƙwabta suka cika gidan. Ta tsaya a ƙofa, ta cire takalmi, ta taka tayil ɗin, ta ɗan ɗage ƙafa. Ta dubi inda gadon yake a da.

"Inna, ya yi kyau?" in ji Sabi'u.

"Ya yi kyau. Allah ya yi muku albarka."

Shekara uku ta yi ɗari a ɗakin nan. Duk sanda na buga waya nakan ce, "Yaya, ya ɗaki? Kina jin daɗinsa ko?" Ta ce sai godiya. Na lura ta daina shara, na ce tsufa ne. Na ga ta shimfiɗa buhunan taki a kan tayil, na yi mata faɗa cewa tana ɓata ɗaki. Ni, da bakina.

A ɗari na uku wata safiya ba ta fito alwala ba. Har hantsi shiru. Matar maƙwabcinmu ta buga ƙofa, ta kira mijinta suka ɓalle. Suka same ta a ƙasa ba ta san inda take ba, ga kasko cike da gawayi a ƙarƙashin gadon ƙarfen. Ta rufe tagogi, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Abin da ta tashi ta ga ana yi shi ta yi, ta sa wuta a ƙarƙashin gado. Sai dai a ɗakin Iya garwashin ya gama hayaƙi a waje, toka ta rufe shi, kuma jinka na numfashi. Wannan ɗakin da muka gina mata ba ya numfashi ta ko'ina. Likita a Gumel ya ce iskar gawayi ce, ba ta da wari ba ta da launi, da an ƙara jinkiri kaɗan da sai gawa.

Kwana biyu kafin ta gane mutane. Da ta gane ni sai ta kira sunana.

"Isiyaku."

"Na'am, Yaya."

"Kai da ka je ƙasar da ruwa ke zama dutse, can ba su koya maka sanyi ba?"

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mana ba?"

"Ka tambaye ni? Kullum ya ɗaki, ya ɗaki. Ɗaki lafiyarsa ƙalau."

A bakin asibiti Sabi'u ya ce, "Kawu, sai a sayo mata hitar ɗumama ɗaki." Na tambaye shi da wace wutar, a ƙauyen da ko waya sai an kai kasuwa ake caji. Na ɗaga masa murya har mutane suka juyo. Bai cancanci haka shi kaɗai ba. Shi bai taɓa kwana a wani wuri da ya wuce Kano ba, ni kuwa na zana gadon nan a takarda na yi taƙama da shi a gaban baƙi.

Ina yaro na ɗauka kunkuru ake wa dariya don ya ƙi magana. Sai da na yi furfura na gane 'ya'yansa Iya take nufi. Ba su taɓa cewa, "Baba, kana jin sanyi?" ba. Tambayar da suka yi amsa ɗaya gare ta. Wane tsoho ne zai dubi ɗansa da ya yi masa hidima a gaban jama'a ya ce hidimar tana kashe shi? Mun san ba zai faɗa ba, shi ya sa muke tambaya a haka. Ba don su muke ginin ba, don masu wucewa ne. Ka zaga Gumel zuwa Maigatari ka ƙirga ɗakunan tayil da aka yi wa iyaye, sannan ka shiga da asuba ka taɓa ƙafafunsu. Wasu mutanen sun riƙe abin kakanninsu suka gyara shi, suka yi masa bututun hayaƙi, suka ƙawata shi. Mu diga muka sa.

Na yi ƙoƙarin mayar mata da gadon. Na nemi magini a ƙauyuka har na gaji, duk wanda aka kwatanta mini sai a ce ya rasu. A kasuwar Sule Tankarkar na sami wani birkila, ya saurare ni yana murmushi.

"Baba, in na bulo ne in yi maka yau. Na ƙasa kuwa ko babana bai yi ba."

Ya gina na bulo da siminti a wata rumfa don gwaji. Muka zuba garwashi. Ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu, kafin isha'i ya huce, da safe ya tsage gida biyu. Ba wanda ya san irin ƙasar da ake haɗawa, da yawan ciyawar da ake tattakawa a ciki, da kaurin da ake ba saman. Yaya ta san yadda ake hura shi, ba ta san yadda ake gina shi ba. Ko da ya yiwu ma, sai an rushe silin da kwanon an koma jinka, masu yin jinkar kuma sun yi ƙaranci.

Da aka sallame ta, 'yarta Balaraba ta ce ba za ta sake barin uwarta ta kwana ita kaɗai ba. Ta ɗauke ta zuwa Gagarawa, inda take kwana tsakanin jikoki, suna dafa mata ruwa su zuba a jarka su naɗe a zane su sa mata a ƙafa. Ƙafar hagu ba ta koma daidai ba, da sanda take tafiya. Na ce in ɗari ya wuce zan mayar da ita gida, ta ce in bari.

Yaya Hajara ba ta koma gidan ubanmu ba. Ita ce ta ƙarshe da ta zauna a cikinsa, kuma tun daga ranar da aka ɓalle ƙofar nan ba a sake hura wuta a gidan ba.