Tayar da Ta Shiga Cikin 'Yata

Duk ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, Kawu Salifu sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya ce zai fito da garke ya sha rana. Ku 'yan zangon Sokode kun san garken. Wanda bai sani ba, to ba shanu ba ne, ko da yake Kawu, yayan mahaifiyata, dillalin shanu ne tun ban zo duniya ba. 'Yan motocin tsere ne na ƙarfe, kowace ba ta fi yatsa ba, cike da wani tsohon gwangwanin biskit. Ya jera su, ya kaɗe ƙura da gashin kaza, ya ɗiga wa kowace man keken ɗinki. Yara su yi da'ira, shi kuma yana ta faɗi: "Kallo da ido, hannu a baya!"

Ni kam ban taɓa son garken nan ba, don saura kaɗan ya raba ni da 'yata. Zan zo wurin.

Kowace da sunanta. Akwai Jan Bijimi, akwai Karsana, akwai wata mai faffaɗan fiffike a ka da ƙatuwar tayar baya, ita ce Mai-Tozo. Lambobin jikinsu kuwa cewa yake shaidar mai dabba ce. Ta farko wani Ba'amurke mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya ba shi, a madadin zabi. Kawu ya juya ta, ya ja ƙofa, ta ƙi buɗewa.

"Ta ina direban ke shiga?"

"Ta taga."

"Kamar ɓarawo! To ina suke zuwa da gudun nan?"

"Ba ko'ina. Zagaye suke yi, su tsaya inda suka tashi."

"Ba fasinja? Ba kaya?" Kawu ya jinjina kai. "Kai, waɗannan sun ji daɗin duniya."

Tun daga nan duk direban da zai gangara Lome sai Kawu ya tare shi: in ka ga irinsu wurin 'yan gwanjo, ka tuna da ni.

To, shekarar da na haihu ina aure a Dapaong. Yarinyar ta fara rarrafe, kuma duk abin da ta gani baki: tsakuwa, gawayi, kan ashana. Ga ta 'yar fari, ko sunanta ba na faɗa, a gaban mutane in yi kamar ba ni na haife ta ba, alhali ko atishawa ta yi sai na zabura. Kawu ya zo sayen shanu wajen Mandouri, da gwangwaninsa a hammata kamar kullum, aka ce in bi shi in je ganin gida. Muka shiga gaban kamiyon shanu, ni da shi da direba Yakubu.

Mai motocin tsere fa, ko keke bai taɓa hawa ba! Yakubu na sa giya zai fara: "A hankali, ɗan nan. Sokode ba ta gudu." Har wani jaki ya wuce mu a hawan tudu, Kawu ya ɗaga masa hannu.

Muka iso shingen sojoji. Aka ce kowa ya sauka, a buɗe kaya. Na zaunar da yarinyar kan zane a inuwa. Wani soja ya ƙwanƙwasa gwangwanin da bakin bindiga.

"Baba, mene ne ciki?"

"Motoci."

Aka zazzage su kan benci. Sojan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira 'yan uwansa. "Ina takardunsu?"

"Ranka ya daɗe, ba sa hawa titin gwamnati."

Sai sojan ya ɗauki Mai-Tozo ya murza ta a benci da ƙarfi, yana vuum, vuum da baki. Ina kallo tayar roba ta baya ta fice, 'yar abu kamar maɓallin riga, ta gangaro, ta gangaro, ta tsaya daidai gaban yarinyar. Kafin in ce wayyo ta kai baki. Na zura yatsa, wayam! Ta dube ni ta yi murmushi.

Jama'a, kunya ta gudu. Sunan da ban taɓa furtawa ba shi na ƙwala, har shanun mota suka amsa.

"Wacce ta haɗiye?" in ji Kawu. "Ta baya? Ta dama? Innalillahi, babbar ce!"

Wallahi a raina na ce tsohon nan tayarsa yake wa makoki. Ya fizge yarinyar, ya buɗe bakinta, ya lallatsa cikinta yadda yake wa maraƙi a kasuwa. "Ta wuce maƙogwaro." Ya juyo gare ni. "Kai, Ma'u, ke ma dai! Yakubu, tashi mota!"

Muka shiga. Yakubu ya ja a hankali yadda ya saba.

"Taka!"

"Kawu, kai ne?"

"Taka na ce, ko in karɓi sitiyarin!"

"Ka iya?"

"Motocina sun fi naka yawa!"

Yakubu ya taka. Kawu ya runtse ido, hannu ɗaya a ƙofa, ɗaya a ƙafar yarinyar, salati yake kamar ana zare masa rai, amma da motar ta ɗan lafa sai ya buɗe ido ɗaya: "Wa ya ce ka rage?" Ni kunnena na kan ƙirjinta, ina sauraron numfashi.

A asibitin garin gaba wata ma'aikaciya ta duba ta, ta ce tunda tana numfashi lafiya, tana shan nono, mu je mu sa ido, za ta fito ta hanya. In ta fara amai ko cikin ya kumbura, mu garzaya asibiti. Muna fitowa na lura hammatar Kawu ba komai.

"Kawu, ina gwangwanin?"

Ya dubi hammatarsa ta dama, ya dubi ta hagu. Yana can kan bencin sojoji, a zazzage. Yakubu ya ce ko mu juya?

"Juya ina? Su yi kiwo a can. Mu kai yarinya gida."

A Sokode Inna ta ɗora miyar kuɓewa mai yauƙi. Kawu ya shigo da dunƙulen kanwa, wai haka ake ba maraƙi, Inna ta kore shi da muciya: "Yaya, jikata ce, ba saniya ba!" Sai ya samo ɗan tsinke, ya ja kujera tsakar gida kusa da fo, ya tare. Dillalin da manyan fatake ke jira a kara, kasuwar shanu! Duk motsin da yarinyar ta yi sai ya leƙo: "An sauke fasinja?" Zango kuwa labari ya zaga, mai gaisuwa ya ce ya mai jiki, na bayansa ya ce ya taya. Kowa dariya, ban da ni. Ina taɓa cikinta, ina gwada shi da na jiya.

Da hantsin wata rana ina wanke-wanke na ji kabbara: "Allahu akbar! Ta iso!" Maƙwabta suka shigo da gudu, sun ɗauka haihuwa aka yi. Ga Kawu tsaye da tsinke sama, taya a tsire, hawaye har gemu. Na zauna cikin ruwan wanke-wanke, ina dariya ina kuka.

Ba a daɗe ba wani direba ya kawo gwangwanin, sojojin sun aiko, ba wadda ta ɓata. Na zaci murna zai yi ya fito da su rana. Ina! Gam ya sayo wurin mai facin taya, ya wuni zaune yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana manne kowace taya da jikin motar. Da ya gama ya tura Jan Bijimi da yatsa. Ko gezau.

Na ce, "Haba Kawu, ai ka kashe su. Motar tsere ba ta motsi?"

Ya dubi yarinyar, tana dafe da gwiwarsa tana son miƙewa. "Su tsaya," ya ce. "Ita za ta yi gudun."

Daminar bara ya rasu, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Yarinyar kuwa yanzu sai na sha wuya kafin in kamo ta.

Ya Allah, bawan nan naka ya ji tsoro saboda 'yata. Ka amintar da shi daga tsoron kabari, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa. Amin.