Baƙin da Damaris Ta Kai wa Mahaifinta

Damaris Tandi Bua 'yar wani manomin kofi ce daga tsaunukan Toraja, ita ce auta. Tun tana ƙarama aka san ta da saurin rubutu, kuma a gidansu ita kaɗai ta kai jami'a. Ta tafi birnin Makassar karatun al'adun ɗan Adam jim kaɗan bayan mahaifinta ya kwanta bai sake tashi ba. Ba a binne shi ba, don ɓaunar da za a yanka ba ta samu ba, dangi kuma ba su hallara ba. A al'adarsu, kafin ranar binnewa ba a cewa ya mutu, marar lafiya ne. An yi masa allurar hana ruɓa, an naɗe shi a ɗakinsa, kullum uwarta na ajiye masa shinkafa da kofi ta ce, "Tashi ka ci."

A aji malaminsu ya raba su rukuni-rukuni. Kowane rukuni yana da shafi guda a waya, kowa ya shiga ya rubuta abin da ya kama a darasi. Shugabar rukuninsu Andi Tenri ce, 'yar masu hali, mai zaƙin baki. Ba a je ko'ina ba rubutun ya koma kan Damaris ita kaɗai.

"Ke ce injinmu," in ji Tenri. "Mu yatsunmu na ado ne."

Damaris ta yi dariya. Daɗi ma ta ji, don a ganinta ta samu shiga.

Ranar darasin mutuwa da jana'iza malam ya tambaya ko akwai ɗan Toraja a ajin. Ta miƙe ta ba da labarin mahaifinta. Da ta zauna ta duba shafinsu, sai ta ga Baso, sarkin shaƙiyancin rukunin, ya riga ya rubuta: "Tambaya: in ya ƙi cin abincin, asibiti ake kai shi?" Ta goge. Wani ya mayar.

Bayan kwana biyu Tenri ta riƙo hannunta a wajen cin abinci.

"Haba ƙawata, Baso ai mahaukaci ne, wa ke kula shi? Ga aikin bincike ya taso. Wasu za su je kasuwar kifi, mu kuwa Allah ya ba mu ke. Ki kai mu gidanku mana."

Ta kai su. Uwarta ta dafa musu kaza a cikin gora, ta kawar da naman alade daga idonsu saboda Musulmi ne. Sannan ta shiga da su ɗakin, ta durƙusa kusa da mijinta ta ce, "Ga abokan autarka sun zo duba ka." Suka sunkuyar da kai kamar mutanen kirki. Damaris ta bi uwarta madafa da farin ciki, ta bar su a ciki.

A motar komawa ne, karon farko, kowa ya yi rubutu a shafin. Hotuna suka fara faɗowa. Ga Baso kwance kusa da mahaifinta, ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Ga Tenri ta toshe hanci tana kashe ido. A ƙasa an rubuta: "Maigida yana barcin rana, kada a tashe shi."

Damaris ta juya tana kallonsu.

"Ke, wasa ne," in ji Baso. "Shi ma bai yi fushi ba, ko uffan bai ce ba."

Motar ta kaure da dariya.

Duk da haka ita ta rubuta rahoton, daga farko har ƙarshe, don tana tsoron abin da za su rubuta in ta bar musu. Da aka miƙa, ba ta ga sunanta cikin marubuta ba. Yana can ƙasa, cikin mutanen da aka yi wa tambayoyi.

"Mai bincike daban, wanda ake bincika daban," in ji Tenri, ko kunya babu. "Ke da kanki kika rubuta mana haka a darasin farko."

Ta kai ƙara wajen malam. Ya ce maganar Tenri na kan hanya, ta nemi wani aikin ta yi ita kaɗai. Rahoton kuwa ya yaba shi a gaban aji.

Hoton Baso ya fita daga shafin, ya bi waya waya har ya isa hannun yayanta Lukas. Da lokacin jana'izar ya zo ta tafi gida. An yanka ɓauna, matan gidan sun shiga ƙarƙashin dogon jan ƙyalle za su ja gaban gawa, sai Lukas ya tare ta.

"Ba ki cikinsu. Koma rumfar baƙi, tunda da baƙi kika saba."

Ta dubi uwarta. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba.

"Na ce masa abokanki ne. Kin sa na yi masa ƙarya yana kwance."

Daga rumfar baƙi ta kalli yadda aka wuce da mahaifinta.

Ba ta koma Makassar ba. Yanzu tana garin Rantepao, nan yankin Toraja, ta kama ɗaki a bayan tashar mota, tana yi wa masu yawon buɗe ido ja-gora. Ta iya aikin ƙwarai. Ita ke gano gidan da ke da marar lafiya a ɗaki, ta sayi sukari da taba na gaisuwa, ta koya wa baƙin yadda za su sunkuya. In suka nemi hoto, ta karɓi wayar ta nuna musu inda haske ya fi kyau. Lukas ya ce kada ta kuskura ta kawo kowa ƙauyensu, ita ma ba ta taɓa gwadawa ba.